Sharaɗin malami: mabuɗi ne ko kwaɗo?

Ranar Litinin 4 ga watan Janairu 2021, da sanyin safiya, iyaye da yawa a ƙasar Ingila suka riƙo hannun ƴaƴansu suka kai su makarantun firamare bayan hutun ƙarshen shekara. Kwana ɗaya kafin nan, firaminista Boris Johnson ya fito a talabijin ya ce ba ya shakkar cewa makarantu wuri ne mai aminci, don haka iyaye su tura yaransu. Kwana biyu kafin nan kuma, babbar sandikar malamai ta ƙasar, wadda ake kira NEU, ta shawarci mambobinta da kada su shiga cikakken aji. Ta kafa hujja da wani sashe na dokar ƙwadago ta 1996, wanda ya ba ma'aikaci damar ƙaurace wa wurin aiki in yana da dalilin ganin babban haɗari na gab da auka masa. Wasu makarantun suka buɗe, wasu suka kasa saboda rashin malamai. Da ƙarfe takwas na daren ranar, firaministan nan dai ya sake bayyana, ya ba da sanarwar kulle ƙasa, ya kuma yarda cewa makarantu na iya zama hanyar da cutar ke bi tana shiga gidaje. Mafi yawan yaran da suka zauna a aji da safiyar nan ba su sake komawa ba sai 8 ga Maris.

Wannan yini guda ya isa a gina tambaya a kansa, tambayar da ta wuce Ingila, ta kuma wuce annobar korona. Shin mutumin da al'umma ta danƙa wa amanar ƴaƴanta yana da ikon cewa ba zai koma bakin aiki ba sai an cika masa sharuɗɗa, alhali kowace ranar da ta wuce ƙofa na rufe ragi ce a cikin rabon yaro? Idan yana da ikon, ina iyakarsa? An daɗe da daina karanta adadin masu kamuwa a gidajen rediyo, zukata sun huce, abubuwa da dama da suke cikin duhu a wancan lokaci sun fito fili. Yanzu ne za a iya auna maganar ba tare da an mai da ɓangare ɗaya waliyyai, ɗayan kuma miyagu ba.

Sharuɗɗa biyar

An rufe makarantun Ingila ranar 20 ga Maris 2020, ranar da aka rufe na Nijar, aka kuma tsai da 1 ga Yuni ranar fara komawa, kamar yadda ya kasance a Nijar. Rufewar ba ta kasance baki ɗaya ba. Ƴaƴan ma'aikatan asibiti da na sauran ayyukan da ba su tsayawa, da yaran da ake tsoron barinsu a gida, sun ci gaba da zuwa, malamai suna karɓa-karɓa wajen kula da su. A farkon Mayu sandikar NEU, mai mambobi kimanin dubu 450, ta fitar da sharuɗɗa biyar da ta ce sai an cika su kafin a buɗe wa kowa. Na farko, yawan masu kamuwa ya ragu ƙwarai. Na biyu, a fito da tsari na ƙasa baki ɗaya game da ba da tazara a cikin makarantu. Na uku, a riƙa yi wa yara da ma'aikata gwaji a kai a kai. Na huɗu, a kafa ƙa'ida bayyananniya kan abin da za a yi wa aji ko makaranta duka idan an sami wanda ya kamu. Na biyar, malamai masu raunin lafiya, da masu zama gida ɗaya da mai rauni, a bar su su yi aiki daga gida.

Ranar 10 ga Mayu gwamnati ta ce ƙananan azuzuwa biyu da ajin ƙarshe na firamare za su fara komawa, sannan aka umarci makarantu su kasa yara rukuni-rukuni, kada kowane ya wuce 15. Wasu jaridu suka yi wa sandikoki caa, suna cewa su ne suka hana malamai nuna jarunta. Amma ranar 9 ga Yuni ministan ilimi Gavin Williamson da kansa ya janye shirin mai da dukan ƴan firamare kafin babban hutu, domin lissafin bai fita ba: raba aji biyu yana buƙatar ɗaki biyu da malami biyu, abin da ba a tanada ba. A watan Satumba kowa ya koma. A watan Disamba, da wani sabon nau'in cutar mai saurin yaɗuwa ya ɓullo a kudancin ƙasar, ƙaramar hukumar Greenwich da ke cikin Landan ta nemi makarantunta su rufe ƴan kwanaki kafin hutu, sai ministan ya tilasta mata janyewa da ƙarfin doka. Mako uku bayan haka aka rufe makarantun ƙasar duka.

Hujjar masu zargi

Masu zargin malamai ba su rasa abin faɗa ba, kuma ba dukansu ne ƴan kanzagin gwamnati ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malami ya karɓi albashinsa cikakke duk tsawon kullen, a lokacin da mai shago da mai gidan abinci suke lissafin asara. Ma'aikaciyar jinya ta shiga ɗakin masu numfashi da ƙyar, direban bas ya ci gaba da tuƙi, mai kwasar shara bai fasa fitowa ba. Da me malami ya fi su? Alƙaluma ma sun ba masu wannan magana ƙarfi daga baya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta lissafa malamai da ma'aikatan ilimi 139 masu shekaru 20 zuwa 64 da cutar ta kashe a Ingila da Wales tsakanin Maris da Disamba 2020. Kowane ɗaya daga cikinsu rai ne da gida guda ya yi kukansa, amma in an kwatanta da yawansu, malamai a jimlace ba su fi sauran masu shekarunsu mutuwa ba. Masu gadi, da direbobi, da masu kula da tsofaffi ne suka fi jin jiki.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce ta lokaci. Babba da ya rasa wata shida ya rasa ɗan yanki ne na rayuwar da ta riga ta kafu. Yaro ɗan shekara shida da ya rasa wata shida ya rasa su ne a daidai lokacin da harshensa da idonsa ke koyon haɗa baƙi da wasali, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Asarar ba ta rabu daidai ba. Ɗan mai hali yana da ɗaki da kwamfuta da uwa mai ilimi a kusa da shi. A Birtaniya, duk da arzikinta, an ƙiyasta yara fiye da miliyan ɗaya ba su da kwamfuta ko makamanciyarta a gida lokacin da aka ce karatu ya koma intanet. Ga wasu yaran kuma, makaranta ita ce wurin da suke samun cikakken abincin rana, ita ce wurin da idon wani babba zai ga tabon duka ya yi tambaya. Bayan annoba ta lafa, adadin yaran Ingila masu yawan fashin makaranta ya tashi daga kimanin kashi 11 cikin 100 a shekarar karatu ta 2018/2019 zuwa fiye da kashi 22 a 2021/2022. Al'adar tashi da safe a tafi makaranta zare ce da aka daɗe ana saƙawa, da ta tsinke sai aka ga wuyar ƙulla ta.

Wanda ya dubi wannan ya ce malamai sun fifita kansu a kan yaran da aka ba su amana, ba a ce ya yi maganar banza ba. Sai dai maganar ba ta ƙare nan ba.

Hujjar malamai

Albashi kuɗin aiki ne, ba kuɗin rai ba. Akwai bambanci tsakanin abin da ya wajaba a kan mutum da abin da ya bayar don karamcin kansa. Wajibi ana iya tilasta shi, ana iya hukunta wanda ya bar shi. Sadaukarwa kyauta ce, ana yaba mai yin ta, amma ba a kama wanda bai yi ta ba da laifi. Duk wanda ya tsaya daga nesa yana umartar wani da jarunta, kyauta yake so ya yi da kayan da ba nasa ba. A watannin da ake ce wa malamai su shiga ɗaki da yara, majalisar dokokin ƙasar ta riga ta ba ƴan majalisa damar halartar zama daga gidajensu ta bidiyo. Batun ma'aikaciyar jinya kuma, in an duba shi da kyau, yana iya juyowa kan mai kawo shi. Idan an tura ta cikin masu cuta ba da isassun kayan kariya ba, to an zalunce ta ne, kuma zaluncin da aka yi wa wani ba ya zama mudun da za a auna wa saura adalci.

Na biyu, ana yi wa mutum hukunci da abin da zai iya sani a lokacin da ya yanke shawara. A watan Mayu 2020 babu allurar rigakafi, gwaji bai wadata ba, masana kansu ba su daddale rawar da yara ke takawa wajen yaɗa cutar ba. Alƙaluman da suka nuna malamai ba su fi kowa mutuwa ba sun fito ne a Janairu 2021, kuma sun ƙunshi watannin da mafi yawan azuzuwa suke rufe. Ba adalci ba ne a ɗauko fitilar yau a haska hanyar da mutum ya bi cikin duhu, a ce me ya sa ya yi ta lalube.

Na uku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malami ya san ɗan shekara biyar ba ya ba da tazara, ya san tagar da ba ta buɗuwa, ya san makewayi ɗaya da yara nawa ke layi a kansa. Ya kuma san aji mai yara 30 mahaɗar gidaje 30 ce, a cikinsu akwai kakanni da masu ciwon suga da masu hawan jini. Saboda haka tsoron malami ba na kansa kaɗai ba ne. A kan wannan, watan Janairu ya gaskata sandika. Tun ranar 22 ga Disamba 2020 kwamitin masanan da ke ba gwamnati shawara ya nuna cewa da wuya a shawo kan sabon nau'in cutar makarantu suna buɗe. Gwamnati ta ji wannan, ta bar yara suka haɗu yini guda, sannan ta mai da su gidajensu. A 2023 wata jarida ta fallasa saƙonnin waya da ministoci suka yi musaya a 2020, inda aka ga ministan ilimi yana cewa sandikoki aiki ne kawai ba su so. Ya ce daga baya da sandikoki yake, ba da malamai ba. Ko ma da wa yake, wanda ya riga ya yanke cewa abokin maganarsa malalaci ne ba zai saurari gargaɗinsa ba, ko da gargaɗin gaskiya ne.

Wanda ba shi da sandika

A cikin wannan ja-in-ja akwai mutum na uku da kowa ya yi magana da sunansa, amma ba a ji muryarsa ba. Gwamnati tana da majalisa da kakaki, malamai suna da sandika da lauyoyi, iyaye suna da ƙuri'a. Yaro ba shi da ko ɗaya. Ba ya yajin aiki, ba ya zaɓe, kuma asararsa ba ta bayyana a ranar da ta auku, sai bayan shekaru, lokacin da waɗanda suka yanke shawarar sun bar kujerunsu. Tun da kowa na iya cewa don yara yake yi, furucin kaɗai ba ya zama shaida. Dole a nemi wani ma'auni, kuma ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a duba abin da mai maganar ya yarda ya biya daga nasa.

In an auna gwamnatin Ingila da wannan, sakamakon bai yi mata kyau ba. Daga Maris zuwa Satumba 2020 tana da wata shida na shirin ƙarin ɗakuna da gyaran iska da tsarin gwaji, amma sau da yawa umarni kan isa hannun shugabannin makarantu ana gab da aiki da shi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. A 2021 ta naɗa wani masanin ilimi, Kevan Collins, ya tsara yadda za a cike wa yara giɓin da suka samu. Ya kawo shiri na kimanin fam miliyar 15, gwamnati ta ware miliyar 1,4, ya ajiye aikin a watan Yuni. Wanda ya yi ta kururuwa cewa kowace ranar makaranta ba ta da farashi, sannan aka kawo masa takardar biya ya ba da kashi ɗaya cikin goma, ya bayyana da hannunsa farashin da ya yi wa ranar.

Sai dai laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ita ma sandika akwai ma'aunin da za a ɗora ta a kai. Sharaɗi iri biyu ne. Akwai wanda yake mabuɗi: an kafa shi don a cika shi, ƙofa ta buɗe. Akwai wanda yake kwaɗo: an kafa shi ne don ƙofa ta zauna a rufe, mai kafa shi kuma ya tsira daga zargi. A baki kamarsu ɗaya, amma ana iya rarrabe su da alamomi uku.

Alama ta farko, sharaɗin da yake mabuɗi yana da iyaka sananniya. An san wanda zai cika shi, an san da me, an san ranar da za a ce ya cika. Neman gwaji, da neman ƙa'idar abin da za a yi in wani ya kamu, da neman a keɓe malami mai ciwon zuciya, duk abubuwa ne da hukuma za ta iya yi a cikin makonni in ta so. Amma cewa sai masu kamuwa sun ragu ƙwarai, ba tare da an faɗi zuwa nawa ba, magana ce da za a iya ja kamar roba. Haka nan neman cikakkiyar tazara tsakanin ƙananan yara, in aka riƙe shi da tsanani, daidai yake da cewa kada a buɗe. Neman aminci ɗari bisa ɗari neman abin da babu ne, domin ko a shekarar lafiya akwai kyanda da mura da haɗarin hanya.

Alama ta biyu, sharaɗin ya tsaya a kan haɗarin da ake magana a kansa. Malamai a kowace ƙasa suna da tsofaffin koke na gaskiya, na albashi da girma da cunkoso. Amma wanda ya ɗaure tsohon bashinsa a wuyan ranar komawar yaro ya mai da yaron jingina, ko da bashin halal ne. A nan za a yi wa NEU adalci: sharuɗɗanta biyar duka a kan cutar suke.

Alama ta uku, sharaɗin ya zo da alkawari. Mai cewa ba zai shiga ba sai an yi kaza, ya kamata ya ƙara da abin da zai yi wa yaro kafin a yi kazan, da ranar da zai shiga in an yi. Malamai da yawa a Ingila sun cika wannan da aikinsu: sun kula da yaran da suka ci gaba da zuwa, sun buga waya gida-gida, wasu har abinci suka kai. Amma muryar da jama'a suka fi ji daga shugabannin sandika ta gargaɗi ce, lissafin abin da yaro matalauci ke asara kowane mako bai sami ƙarfi iri ɗaya a bakinsu ba. Abin da aka sani yanzu yana nuna cewa a watan Yuni 2020, lokacin da cutar ta yi sauƙi kuma ana iya karatu a fili, jan ƙafa game da ƙananan yara ya fi cutarwa bisa amfani. A watan Janairu 2021 kuwa, gaskiya tana wurin malamai. Ƙungiya ɗaya, tsoro ɗaya, amma hukunci biyu, domin nauyin da ke kan sikeli ya sauya.

Akwai ƙasar da ta nuna cewa rigimar ba dole ba ce. Danmak ta mai da ƙananan ƴan makarantarta ranar 15 ga Afrilu 2020, kafin sauran ƙasashen Turai da suka rufe. An zauna da sandikar malamai tun kafin a tsai da tsari, aka kasa yara ƙananan rukunoni, aka yawaita wanke hannu, aka fitar da darussa da yawa fili. Malaman can ba su fi na Ingila jarunta ba. An tambaye su ne kafin a umarce su, sai sharuɗɗansu suka shiga cikin shirin buɗewa maimakon su tsaya a gabansa.

Ma'auni ɗaya, kaya dabam

Ranakun rufewa da buɗewa sun zo ɗaya tsakanin Ingila da Nijar, amma abin da ke kan sikelin ya sha bamban. Cutar ta fi kashe tsofaffi, Nijar kuwa kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma mace-macen da hukuma ta ƙidaya duk tsawon annobar sun ɗan haura 300. A ɗaya gefen, karatu daga gida ta intanet zance ne da bai shafi mafi yawan yaran Tasawa ko Matamaye ko Madawa ba. Yaron da makaranta ta saki, gona da kiwo da talla suna jiransa. Yarinyar da ta zauna gida, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ke aure kafin shekara 18, ba lalle ne ta sake ganin allo ba. Yuganda, wadda ba ta buɗe makarantunta duka ba sai 10 ga Janairu 2022, bayan kusan shekara biyu, ta ga yara da yawa da ba su dawo ba. Saboda haka sandikar da za ta kwafo sharuɗɗan Turai kalma da kalma, ta nemi tazarar mita tsakanin ɗalibai a ajin da mutum uku ko huɗu ke raba benci ɗaya, kwaɗo ta ɗauko, ko da da kyakkyawar niyya.

Amma kuskure ne a ɗauki wannan ya zama lasisin cewa a buɗe ko ta halin ƙaƙa, malami ya yi shiru. A 2020 mafi yawan malaman firamare a Nijar ƴan kwantaragi ne, waɗanda jinkirin biyan ɗan abin da suke samu ya sha jefa su yajin aiki. Mutumin da ba a cika masa alkawarin ƙarshen wata ba, da wuya ya gaskata alkawarin sabulu da ruwa. Neman buta da sabulu a ƙofar aji, da ƙyallen rufe baki da hanci, da raba yara safe da yamma, sharuɗɗa ne masu iyaka, masu araha, waɗanda amfaninsu ya wuce korona ya kai ga amai da gudawa. Kuma shekarar 2021 ta tuna wa kowa, ta hanya mafi ɗaci, cewa buɗaɗɗiyar makaranta ba ita ce amintacciyar makaranta ba. A watan Afrilu gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta kashe aƙalla yara 20. A watan Nuwamba irinta ta auku a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu. Malamin da ya ƙi shigar da yara ɗakin da ya san tarko ne bai ci amana ba. Shi ne ya riƙe ta.

Ke nan amsar tambayar farko ita ce e, malami yana da ikon kafa sharaɗi, wani lokaci ma wajibi ne a kansa, domin shi ne babban da ke cikin ɗakin, shi ke ganin abin da minista ba ya gani. Iyakar ikon kuwa tana wurin yaro. Amanar da ta ba malami bakin magana ita ce kuma ta ɗaure shi: ba zai nemi abin da ba ya yiwuwa ba, ba zai haɗa ranar komawa da wani ciniki ba, ba zai kuma ɗauki rufaffiyar ƙofa a matsayin wurin hutawar lamiri ba, kamar rufewa ba ta kashe komai. Ita ma hukuma haƙƙinta na cewa a koma yana tafiya ne tare da abin da ta ajiye a ƙofar aji kafin ta faɗa.

Wata annobar za ta zo, ko sanƙarau, ko kwalara, ko wadda ba a san sunanta ba tukuna, kuma za a sake zama a teburi, hukuma a gefe, sandika a gefe. Abin da ya kamata a fara tambayar kowane ɓangare a ranar shi ne ya faɗi, da lissafi, asarar da shawararsa za ta jawo wa wanda ba ya zaune a wurin. Hukuma ta faɗi rai nawa take sa wa cikin haɗari in ta buɗe, da abin da ta tanada don rage shi. Sandika ta faɗi yara nawa ba za su dawo ba in an ƙara wata ɗaya, da abin da za ta yi don nemo su. Ɓangaren da ya ƙi yin wannan lissafi bai cancanci ya ambaci sunan yaro a cikin hujjarsa ba.